A-kori-kurar da Autanmu Ya Yanka

Da aka raba gadon Baba, gida ya zama namu mu duka, mota kuma ta faɗa rabon autanmu. A-kori-kura ce fara, ta kwana biyu a duniya amma lafiyarta lau. Da ita Baba ya yi ta ɗauko goro daga ƙauyukan Yarbawa tun ina yarinya. Bayan ya daina fita, ita ke kawo mini buhunan gyaɗa daga kasuwar Bodija, don tun rasuwar mijina na dawo gidanmu a unguwar Sabo ta Badun ina sana'ar ƙuli-ƙuli da mai. Ba ta taɓa kwana a hanya ba. In ta shigo layinmu, ko kana ƙuryar ɗaki ka san muryarta.

Autan namu kuwa magidanci ne, har da gemu da mata da 'ya, amma ban taɓa ganin abin da ya fara ya gama ba. Ya yi kiwon kifi, kifin suka mutu. Ya buɗe shagon cajin waya, abokai suka mayar da shi wurin kallon ƙwallo. Abin da ya iya shi ne zama a kan benci a ƙofar gida yana latsa waya, can ya ɗago kai ya gaya wa mutane yadda za a gyara Najeriya.

Ran nan ina tuya ya shigo ya kawo mini wayar har hanci.

"Yaya, kalli nan."

Wani Bature ne a garejin gidansa. Ya sayi jikin mota a kwalaye, ya ciro inji da giya da tayoyi daga wata tsohuwar mota, ya harhaɗa, sai ga wata 'yar gajeriyar aba mai kujera biyu, ba rufi.

"Na gani," na ce. "Matsa, mai zai fantsar maka."

"Irinta zan yi. A gidan nan."

"Da wace motar?"

Ya dai waiga wajen zaure, ta inda ake hango a-kori-kurar. Na ajiye matsami na dube shi da kyau, na ce, "Shi Baturen, motar ubansa mai lafiya ya yanka, ko wadda ta riga ta mutu?"

"Matsalarku ke nan, Yaya. Ba ku da hangen nesa."

Na kai ƙara wurin Inna, mahaifiyarmu. Ina sane ɓata bakina zan yi, don ko wuta auta ya cinna wa gida cewa za ta yi sanyi yake ji. Tana jan carbi ta ce, "Ku bar mini yaro. Basira ce Allah ya ba shi, ku ne ba ku gane ba."

Jikin motar ba daga Turai ya zo ba. Wani mutum ne a Legas mai ƙera kwale-kwale da tankin ruwa na faiba ya zuba masa shi bisa hoton da ya tura. Aka ɗauko daga tashar Ojoo a kan babbar mota, ja wur, yana warin gam. Sai da aka fasa gefen zaure aka shigo da a-kori-kurar tsakar gida, daidai inda nake shanya gyaɗa. Ya kawo wani Bayarabe mai walda da bakanike, suka hau ta. Ranar da aka sauke injinta aka rataye a sarƙa, shiga ɗaki na yi, don ji na yi kamar ana feɗe sa da ransa.

Shi kuma ya sayo rigar aiki shuɗiya da safar hannu. Har aka gama, rigar ba ta san baƙin mai ba. Aikinsa riƙe waya. Mai walda na kwance a ƙasa tartsatsi na zubo masa, auta na tsaye yana ɗaukar fuskar kansa yana cewa, "Yau mun zaunar da inji, jama'a." Mai waldar ma ya gane inda abincinsa yake. Da ya shigo sai ya gaishe shi da Yarbanci, "Oga injiniya, e kaaro," in auta ya juya baya ya kashe wa bakanike ido.

Sunan nan ya bi shi waje. 'Yan bencin ƙofar gida, waɗanda ba su san sifana da cokali ba, suka koma kiransa Injiniya. Kullum suna tsakar gidanmu, ba sallama ba kunya, suna zagaya ƙarafa suna gyaɗa kai, suna cin ƙulina kyauta. Babbansu wani dogo ne, dillalin waya, shi ke cewa gwamna da kansa zai zo gani. Na tarar da notunan mota a cikin kaskon tuyata an jiƙa su da fetur. Wata rana baƙin mai ya gangaro har ƙarƙashin tabarmar shanya, buhu guda ya tashi aiki. Da na yi magana, auta ya ce kowane babban aiki sai da sadaukarwa. Na ce to ya sadaukar da nasa, ya bar mini nawa.

Aka ci rani ana abu ɗaya, har damina ta kama. Wata Asabar da hantsi aka ce an gama. Auta ya fito da baƙin tabarau da farar shadda, ya ce matarsa ta shiga. Baiwar Allah ta leƙa kujerar, wadda kusan a ƙasa take, ta ce ita kanta na ciwo. Dogon nan ya naɗe ƙafafu ya shiga, gwiwoyinsa na taɓa haɓarsa. Aka murɗa makulli, injin ya tashi bugu ɗaya, don injin Baba ne, ba ruwansa da wanda ya hau. Jama'a suka ɗau kabbara, Inna na share hawaye. Ni kuwa na yafa mayafina na nufi Bodija, tunda yanzu da ƙafata nake zuwa sayen gyaɗa.

A hanyar dawowa hadari ya taso, irin na Badun da ba ya ba ka lokacin neman lema. Ina matse a bayan 'yar tasi, mu huɗu, buhuna a but an ɗaure da igiya. Ruwa ya ɓarke, sai kuma hanya ta tsaya cak. Direba na zagi, 'yan okada na ham. Da muka matso a hankali, sai na hango ja.

Motar auta ce, ta hau tudun nan da ake yi a titi don rage gudu, cikinta ya zauna daram, tayoyin baya na juyawa a iska. Wanda ya zuba jikin kuwa sana'arsa ya yi tsakani da Allah: ko ɗigo ba ya fita. Ruwa ya taru a ciki kamar baho. Auta na zaune a cikinsa har ƙugu, shadda ta manne masa, tabarau na nan a ido, yana ta taka totur. Dogon ya fita ya fake a rumfar mai gasa masara, ya juya baya kamar bai taɓa ganinsa ba. Wasu samari na ɗauka a waya suna dariya har da riƙe ciki.

Matar da ke kusa da ni ta tafa hannu ta ce da Yarbanci, "Wannan mahaukacin ɗan gidan wa ne?"

Na gyara mayafina na ce mata, "Allah kaɗai ya sani, Mama." Direba ya sami kafa ya wuce.

Wajen la'asar aka jawo motar gida da igiya. Na ɗauka ko sau ɗaya zai sunkuyar da kai. Ina! Yana atishawa, Inna na dafa masa citta, yana bayani cewa motar ba ta da laifi, titunan ƙasar nan ne ba su kai matsayinta ba. 'Yan benci suka ce ƙwarai kuwa, ai a Dubai da tuni an ba shi lambar girma. Dogon ma ya dawo, bakinsa da guntun masara, ya fi kowa gaskatawa.

Ba ta sake taka kwalta ba. Bayan Sallah wani manomi daga Akinyele ya sayi injin zai haɗa da na'urar niƙa rogo, 'yan gwangwan suka kwashe sauran. Zauren da aka fasa ni na kira magini ya gyara.

Kwanan baya na tara abin da na tara na sayi injin markaɗe, don in huta da kai gyaɗa layi. Ina wanke shi da safe sai na ga auta ya tsuguna a gefe, yana leƙa ƙarƙashinsa, yana shafa bel ɗin da ɗan yatsa.

"Yaya, wannan ƙarfinsa doki nawa ne?"

"Me ya sa?"

"A'a, ba komai. Wani abu na gani ne a waya. Ƙaramin jirgi, mutum ɗaya yake ɗauka."

Na ɗauraye hannuna, na tura injin cikin ɗakina, na fita bakin titi na sayo kwaɗo mafi girma da mai shagon yake da shi.