Zoɓon Suna Ya Yi Kumfa

Ku gafarce ni 'yan uwa da na dame ku, amma kaina ne ya ɗaure.

Ɗazu na shiga kicin na tarar maigidana Alhaji ya juye zoɓon da na dafa don sunan jikarmu cikin wata doguwar tukunyar ƙarfe da ya sayo a unguwar Sulay. Ya jona mata tiyo da tulun gas, yana mirgina ta a ƙasa tana huci. Da ya tsiyaya mini a kofi, sai ga kumfa har baki.

Na ajiye kofin. Mu dai tun muna yara malaminmu ya koya mana cewa duk jiƙon da ya fara kumfa, zubarwa ake yi.

Na ce, "Alhaji, wannan ai alamar giya ce."

Ya yi dariya. "Haba Hajiya, ma fi mushkila, ba wata matsala! Zoɓon da kika sauke da safe, yaushe ya yi tsami? Gas kawai na tura masa, irin na lemon kwalba."

"To me ya sa Baturen da kake kallo a waya giya yake zubawa a irinta?"

Ya sosa ƙeya, ya ce tasa dai sabuwa ce dal.

Gobe mata za su cika gidan nan, kuma da hannuna zan miƙa musu. Ina tsoron shayar da baƙi abin shakka, ina tsoron zubar da halal.

Masu ilimi, kumfar da aka tura da wadda ta taso da kanta hukuncinsu ɗaya ne? Don Allah ku amsa mini da wuri, in san ko aikawa zan yi kasuwar Utaiqa a sayo wani zoɓon.