Kofur ta Saja Danladi

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Saja Danladi, tsohon soja, maƙwabcina a Zuru. Ni tela ne, shagona yana kallon ƙofar gidansa, don haka kaɗan ne daga al'amuransa suka wuce ni.

Da ya bar soja ya dawo gida da ɗingishi a ƙafar hagu da wata kyamara mai fim. Muka ɗauka hoton biki zai riƙa yi. Ina! Tsuntsaye mutumin nan ya sa a gaba. Da zarar bazara ta ja, hadari ya fara haɗuwa, shamuwa suka sauka a kan tsamiyar bayan gidansa, to Saja ba ya ƙara moruwa. Kowa a unguwa murna yake da zuwansu, don lokacin fito da iri ya yi. Shi kuwa tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat: na bana su ne na bara, ko wasu ne daban?

Na sha yi masa tsiya. Na ce, "Saja, shamuwa ai shamuwa ce, duk kamarsu ɗaya."

Ya ce, "Haka ku farar hula kuke cewa da soja. Mu kuwa mun san juna."

Wata shekara ya gano wata mai karkatacciyar ƙafa, tana ɗingishi a kan reshe kamar shi. Ya sa mata suna Kofur. Daga nan ƙafafu kawai yake ɗauka. A kai fim wanki, a yi ta jira, hotuna su dawo rabinsu ganyen tsamiya ne. Amma shekaru a jere ana samun ɗaya da Kofur a ciki, sai ya tsallako shagona yana kaɗa shi a fuskata.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da wayoyin yanzu, da kowane yaro ke ɗaukar hoto ya gani nan take. Ina jin da sai ya cika tawa da ƙafafun tsuntsaye. Kuma da ya bi hanyar ƙauyen Manga, inda yakan je da keke, ya ga manyan itatuwan da suka zama gawayi, na san tambayar da zai yi: to masu sheƙa a kansu ina suka koma? Wallahi ina kewar tambayoyin nan nasa.

Bana ɗansa Iliya ya so sare tsamiyar. Ban ga laifinsa ba: kashin tsuntsayen ya cinye kwanon rufi, ga aure zai yi, yana neman filin ɗaki. Mahaifiyarsa Saratu ta ce, "Idan Kofur ba ta dawo ba, ka sare." Aka sa ni shaida, ni da na yi shekaru ina dariyar abin.

Shamuwan sun makara da zuwa. Da suka sauka na rufe shago, na tsaya ƙarƙashin tsamiya da waya a sama har wuyana ya ƙage. A can ƙoli na hango wata ta taka reshe ta karkata. Na danna. Da na buɗa hoton sai duhu-duhu: ko ƙafa ce karkatacciya, ko ƙaramin reshe ne ya gitta.

Iliya ya duba ya ce, "Baba, wannan ai ba a gane komai."

Na ce gaskiyarsa, ni ma ba zan rantse ba. Saratu, da ko zare ba ta iya zurawa a allura yanzu, ta karɓi wayar ta kai dab da hancinta. Ta ƙura wa hoton ido, sannan ta ce, "Ita ce."

Iliya ya kalli uwarsa, ya fasa sare tsamiyar. An haƙa harsashin ɗakin a gefen rijiya.

Saja bai bar mana amsa ba, tambayarsa ya bari, kuma ta kama ni. Har yau ban sani ba ko Kofur ce. Kowace safiya kafin in hau keken ɗinki, sai na ɗaga kai na duba ƙafafunsu.