Man da Na Soya wa Bakwaini

Ni ne na soya man da za a shafa wa ƙanwata. Da albasa na soya shi, har da ɗan gishiri, kuma a lokacin da nake yi ina jin duk faɗin Yankara babu yaro mai hankalina.

Shekara goma sha biyar ni kaɗai ne a ɗakin Inna. Biyu sun zo bayana, babu wanda ya kai ranar suna. Sai a daminar bara, cikinta yana wata bakwai, naƙuda ta taso mata da hantsi tana tsintar wake, aka ɗauke ta a mota zuwa asibiti a Ƙanƙara. Da yamma Baba ya dawo shi kaɗai. Ya ce mace ce, bakwaini, an sa ta a kwalba, wato akwatin gilashin nan mai ɗumi da ake ajiye jariran da suka yi gaggawar fitowa. Ya ce kakata ta wajen uwa ta taso daga Sabuwa za ta zauna da su, ni kuma in riƙe gida.

Riƙon gida ashe zama ne da shiru. Baba yana fita gona bayan asuba, sai magariba. Na yi tuwo ranar farko, da an jefi akuya da shi sai an yanka ta. Akuyar ce ma abokiyar hirata, ita kuma ba ta da labari sai na dusa. Zanen Inna da ta shanya a igiya ranar da aka tafi da ita na bar shi a nan, ruwa ya dake shi, rana ta busar, ruwa ya sake dukansa. In na shigo daga waje nakan yi sallama da ƙarfi, ko da na san babu mai amsawa.

Kwana na biyar Baba ya kawo wata 'yar kwalba ta man kwakwa daga kemis. Ya ce nas ce ta ce a kawo, fatar yarinyar tana bushewa. Shi an yi ruwa, dole ya sa taki da safe, don haka ni zan kai.

Da ya fita na ɓalle murfin na sunsuna. Ɗanye ne. To a gidanmu ɗanyen mai ba ya zuwa gaban kowa. Ko man gyaɗa aka kawo daga wurin masu ƙuli-ƙuli, sai Inna ta ɗora shi a wuta ta yanka albasa ya soyu, ƙarnin ya fita, sannan ya zama mai. Na ce a raina, wato ƙanwata guda ɗaya tilo za a shafa wa ɗanyen mai kamar marar gata? Na hura wuta. Na yanka albasa babba. Na tace da rariyar koko, na mayar cikin kwalbar, ya yi ja ya yi kyau.

A mota, tun kafin mu kai Sheme mutane suka fara waige-waige. Da muka canza mota muka wuce 'Yargoje, wani dattijo ya kasa haƙuri ya ce, "Wai wa ke cin garau-garau bai yi tayi ba?" Na ƙara danna kwalbar cikin aljihu na kalli gonakin masara.

Ba a barin kowa shiga ɗakin jariran sai iyaye mata. Nas ɗin ta fito bakin ƙofa, doguwa ce mai gilashin ido, ta karɓi kwalbar, ta ɗaga ta sama, ta buɗe. Na rantse har ƙudajen wancan ɓangaren asibitin sai da suka taso.

"Samari, mene ne wannan?"

"Man kwakwa ne, Anti. Na gyara shi."

"Ka gyara shi."

"Da albasa da ɗan gishiri."

Kakata tana zaune a kan tabarma a barandar, ta saki dariya har carbinta ya faɗi. "Kai maigidan banza! Ɗiyar za mu shafa wa, ko dafa ta za mu yi? Mi ya hana ka taho da yaji?"

Matan da ke jinya a wurin duk suka ɗauka. Nas ɗin ce kaɗai ba ta yi dariya sosai ba. Ta ja ni jikin taga ta ce in leƙa. A can cikin gilashi na ga wani abu ja, bai fi tafin hannun Baba ba, da siririn tiyo a hanci. Ƙirjinta yana sama yana ƙasa da sauri kamar na ɗan tsako.

Ta ce, "Ka ga fatarta? Ba ta gama yin kauri ba. Ruwan jikinta ta nan yake fita, ɗumi ma ta nan yake gudu. In ta tsage, ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Shi ya sa muke shafa mai, ɗigo kaɗan, da hannu wankakke, mai tsabta wanda ba a buɗe ba, ba a ƙona ba, ba a sa masa komai ba. Wannan naka da gishiri, in ya taɓa inda ya tsage, ka san yadda za ta ji?"

Na san yadda gishiri yake a kan ciwo.

Kaka ta ce ai su da man shanu suka raini 'ya'ya tara. Nas ta ce, "Hajiya, taranki sun cika wata tara. Wannan a bar mana ita tukuna."

Inna ta fito daga baya, ta rame, tana tafiya a hankali tana dafa bango. Na yi zaton za ta yi faɗa. Sai ta sunsuna kwalbar ta ce albasar ta ɗan ƙone, in riƙa rage wuta. Ta tambaye ni ko ina cin abinci. Na ce ƙwarai, har ƙiba nake yi. Ba ta fi minti biyar ba aka kira ta ciki.

Ranar ba a shafa wa yarinyar komai ba, sai washegari da Baba ya bar takinsa ya kai wata sabuwar kwalbar da kansa. Bai dake ni ba. Da ma ya dake ni, da na samu dalilin yin kuka.

Man da na soya kuwa ni na cinye shi, don Baba ya ce ba a zubar da abinci a gidansa. Kwana shida ina zuba shi a kan shinkafa da wake, ni kaɗai a tsakar gida, ɗanɗanonsa kamar an soya sabulu. Kowace loma sai na tuna kwana ɗayan nan da fatarta ta yi a bushe saboda ni. Na riƙa lissafa ta inda cuta za ta shiga: ta wuya, ta hammata, ta bayan gwiwa. Duk yammar da Baba ya dawo daga Ƙanƙara nakan tsaya a zaure in karanci fuskarsa kafin ya yi magana. Wata rana ya ce ta yi zazzaɓi. Ban tambaye shi ko daga fata ne ba, don ina tsoron amsar. Na je na zauna wurin akuya har aka kira isha'i.

A cikin waɗannan kwanakin aka yi suna ba tare da mai sunan ba. Liman da mutum shida a zaure, da goro da dabino, aka yanka rago, aka aika da ƙafa ɗaya asibiti. Babu guɗa, babu mata cike da gida. Ni na wanke kwanuka.

Sau biyu na sake zuwa, kullum daga taga. A zuwa na biyu na ga Inna ta zura hannuwanta ta ƙofofin gilashin, ta ɗiga man a tafinta, ta murza, tana bin ƙafar yarinyar da yatsa biyu kacal. Fatar ta daina yin ja, ta fara yin duhu irin namu, tana ɗan sheƙi. Na ƙwanƙwasa tagar don Inna ta juyo, nas ta harare ni, na sauke hannu.

Zazzaɓin ya sauka bayan kwana uku. Ta yi kwana talatin da ɗaya a asibiti aka sallame su. Kaka ta ce ba za a kai mata jika gidan da ake soya man jarirai ba, ta wuce da su Sabuwa, Inna ta yi wankan jego a can. Sai bayan an girbe masara suka dawo Yankara, a ranar ne na fara ɗaukar ƙanwata, tana da wata uku.