Ɗan Fari a Gidan Baturiya

Idan sanyi ya shigo Dubai, wasu fararen tsuntsaye kan cika bakin ruwan Deira, suna shawagi a kan kwale-kwalen da ke tsallakar da mutane. Kukansu ba daɗi, kamar an mintsini jariri. Abokan aikina ko jinsa ba sa yi. Ni kuwa duk ranar da na fito daga sito a Al Buteen da kwali a kafaɗa na ji kukan nan, sai ƙafata ta tsaya da kanta. Wani ɗan Zinder da muke lodi tare ya taɓa ce min, "Yalla, Ɗan Ingila, kwantena ba za ta jira ka ba. Ko 'yan uwanka ne ke gaishe ka?" Na ce masa e, su ne. Ya ɗauka wasa nake.

Kada ka ji Ingila ka zaci wani abu. Ni ba mai ilimi ba ne, firamare ma ban ƙarasa ba. Amma a can na yi wayo, a wani ƙaramin gari na bakin teku, a gidan wata tsohuwar Baturiya. Yadda aka yi shi ne, gwamnati ta tura Baba karatun safiyo a Landan, ya tafi da Inna, ni kuma ina goye. Ɗaki ɗaya suka samu, mai gidan ya ce ba ya son kukan yara. Inna ta kama aikin wanki a wani asibiti. A lokacin ɗaliban ƙasarmu da yawa haka suke yi, a kai yaro riƙo wajen Turawan da ke nesa da birni. A wajen iyayena wannan ba wani abu ba ne. A gida ma ai ɗan fari ba kasafai yake tashi gaban uwarsa ba, da an yaye shi kaka ko gwaggo ke ɗaukewa. Su a ganinsu kaka suka samo min, farar fata ce kawai.

Tsohuwar nan ƙatuwa ce, hannuwanta jawur saboda wanke-wanke, kullum tana warin sabulu da soyayyen kifi. Allah bai ba ta haihuwa ba. Mijinta tsoho ne mai lofe, ba ya magana sai ta kama, aikinsa ba da hayar kujeru a bakin ruwa. Ita kuma tana saukar da baƙi a ɗakunan sama. Baba ya gaya mata tun farko ba ma cin naman alade. Ba ta tambayi dalili ba, ta je ta sayo ƙaramin kasko ta rataye shi daban. Ko mijinta ya kai hannu kansa sai ta buge hannun.

Garin nan rai biyu gare shi. Da zafinsu ya zo, in ma za a kira wannan zafi, jiragen ƙasa su yi ta zubo mutane daga birni. Bakin tekun ba yashi ba ne, tsakuwa ce manya-manya masu santsi, amma haka za su tuɓe su baje a kai kamar an shanya tumatir, su yi ja, su koma gida suna murna. Akwai wata doguwar gada ta katako da ta miƙe cikin ruwa ba ta kai ko'ina ba. Ka je ƙarshenta, ka kalli ruwa, ka dawo. Ana sayar da soyayyen dankali a cikin takardar jarida, a yayyafa masa gishiri da wani ruwa mai tsami da ke hawa hanci. Tsuntsayen nan kuwa ɓarayi ne, daga sama za su fizge na hannunka.

Har jakuna akwai, an ɗaura musu ƙararrawa, yara na layi ana biya su hau. Ranar da Baba ya fara ganin haka, ya yi dariya har ya zauna a kan tsakuwa. Tsohon mai lofe ya tambaye shi lafiya. Baba ya ce a garinsu wanda ya hau jaki kuɗin mota ne ba shi da shi.

Da sanyi ya shigo kuma, sai garin ya mutu. A rufe shaguna da katako, a tattara kujeru a ɗaure, iska ta yi ta dukan taga tana kawo gishiri. Rana ta faɗi tun kafin a taso mu daga makaranta. Amma ni lokacin na fi so, don ba baƙi, tsohuwar tawa ce ni kaɗai. Ta hura gawayi a murhun falo, ta zaunar da ni kan cinyarta tana saƙa, ta zuba ruwan zafi a wata jakar roba ta sa min a gado. Kuma ta kira sunana. Ba ta iya faɗinsa daidai ba, tana taune rabinsa, amma ba ta gajiya. A ƙofa, a kicin, a kan titi in na yi nisa. Har cikin waƙa take saka shi.

Iyayena kan zo ranar Lahadi, ba kowace ba, sai sun samu kuɗin jirgi. Baba ya shafa kaina sau ɗaya ya shiga hira da tsohon. Inna ta zauna a gefen kujera da gyalenta a kan kwat, ta ajiye ƙullin dambun nama a tebur, ta gaishe da tsohuwar da 'yan kalmomin Turancin da ta iya. Ni kuwa ba za ta dube ni ba. In na tsaya gabanta sai ta kalli labule. In za ta yi maganata sai ta ce wa Baba "yaron nan". Daga baya aka haifi ƙanwata, sai ta riƙa zuwa da ita a baya. Ta sauke ta, ta yi mata wasa, ta kira sunanta, ta hura mata ciki tana dariya. Ina gefe ina kallo.

Kai da ka tashi a gida ka san wannan. Alkunya ce. Ni ɗan fari ne, kuma sunan kakana aka sa min, wato sunan surukinta. Ta kowace fuska bakinta a ɗaure yake. Amma wa zai gaya min a can? Hausa ma ba na ji. Abin da na sani kawai, matar nan mai gyale tana son jaririyar, ni ba ta so na. Tsohuwar ma abin da ta gani ke nan, kuma ta daɗe tana tara shi a ciki.

Da Baba ya gama karatu, suka zo da akwati a haɗa kayana. Ina ɗan shekara bakwai ko kusa. Suka tarar da wata mata a falo da jaka a cinya, ma'aikaciyar gwamnati mai kula da sha'anin yara. Tsohuwar ce ta kira ta. Ta tsaya a bakin murhu ta ce ba inda za ni. Ta ce tana so hukuma ta bar mata ni, ta riƙe ni har in girma, in yi karatu.

"Shekara da shekaru matar nan na shigowa gidana," in ji ta, "ban taɓa jin sunan yaron nan a bakinta ba. Ban taɓa ganin ta rungume shi ba. Ko kare ai ana kiran sunansa."

Baba ya yi bayani da Turancinsa na makaranta, gumi na keto masa a cikin sanyin nan. Ya ce al'ada ce, ya ce girmamawa ce. Ma'aikaciyar ta saurare shi kamar mai sauraron ɗan da ya fasa kofi. Ta ce ba ta ƙaryata shi ba, amma in dai haka ne, abu mai sauƙi ne. Uwar ta kira yaron, a gani ko zai je. In ba haka ba, sai maganar ta je gaban alƙali, kuma jirgin ruwansu ba zai jira alƙali ba.

Abin da iyayena suka faɗa wa juna a lokacin ban ji ba. Sai bayan mun koma gida, na koyi Hausa, na ji Baba yana ba ƙannensa labari a zaure. Ya ce ya juya ya ce wa Inna, "Ki daure ki faɗa. Nan ba gida ba ne, ba wanda zai ji."

Ta ce, "Ni zan ji."

Ya ce, "To sai ki bar musu shi?"

Daga nan kuma ni ma shaida ne. Na ga ta miƙe ta kwance goyon ƙanwata, ta danƙa wa Baba ita, ya karɓa kamar an ba shi tukunya mai zafi. Ta zo tsakiyar falon, ta juya fuskarta ga bango, ta durƙusa, ta sunkuya, ta ware zanin goyon da hannu biyu. Ba ta waiwayo ba. Bayanta kawai ta ba ni, tana jira.

Ina riƙe da rigar tsohuwar gam. Ni ƙato, da gajeren wando da takalmin makaranta, na wuce goyo tun tuni. Amma ka san sau nawa na ga jaririyar nan a wurin nan ina cewa da ni ne? Inna dai ba ta sauke zanin ba. Can sai na ji ana ɓamɓare yatsuna daga rigar, ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar ce da kanta. Ba ta tura ni ba, sakina kawai ta yi. Ni na taka da ƙafata na je na hau.

Inna ta ɗaure zanin da ƙarfi har numfashina ya sarƙe. Kunnena na kan bayanta, ina jin zuciyarta na bugu kamar ana daka. Ta miƙe da ƙyar. Tsohuwar ta biyo mu har ƙofa tana zuba bayani: ba na cin ɓawon burodi, ina tsoron duhu, in na yi tari a shafa min mai a ƙirji. Inna ba ta jin ko rabi, amma kowace magana sai ta gyaɗa kai. Tsohon ya cire lofe daga baki ya ce min, "Ka kama da kyau, saurayi." Haka ta ratsa garin da ni har tasha, ƙafafuna na reto a gwiwoyinta, Turawa na tsayawa suna kallo. Ba ta sauke ni ba sai da jirgi ya tashi. Da ta sauke ni kuma, ta koma kallon taga.

Sauran labarin ba shi da ado. Ba mu daɗe da komawa Kano ba Baba ya rasu a hatsarin mota. Baffana ya cire ni daga makaranta ya kai ni kasuwa ɗaurin dila. Turancin ya tsiyaye kaɗan-kaɗan, ya bar min 'yan kalmomin da nake faɗa da hanci, abokai na dariya. Ban taɓa rubuta wa tsohuwar wasiƙa ba. Lokacin da na yi hankalin nema, ba wanda ya tuna adireshin. Ta daɗe da mutuwa, ba sai an gaya min ba. Ban san irin addu'ar da ya halatta in yi mata ba, ban kuma tambayi malamai ba don kada in ji amsar da ba na so. Nakan dai ce, Allah Kai ka ga abin da ta yi.

Yanzu zamani ya juya. Matar babban ɗana kan kira ni a bidiyo da ɗan farinsu a cinya, tana sumbatarsa, tana rangaɗa sunansa a gabana, ko a jikinta. Ban ce ta yi laifi ba. Yaron dai ba zai taɓa tsayawa a gefe yana tunanin ko ana son sa ba. Inna kuwa tana nan da ranta, ta tsufa tukuf, ido ya tafi. In na buga waya ƙanwata ke riƙe mata. Sai in ji ta daga gefe tana cewa, "Tambaye shi, mutumin Dubai ɗin, yana samun abinci kuwa?" Ga ni a layi, ina jin ta, tana ji na. Har gobe ba ta faɗi sunan ba.

Mutanen sitonmu sun san labarin. Ɗan Zinder ɗin nan ba ya gajiya da cewa, "Wallahi kai wawa ne, habibi. Da ka riƙe rigar nan da kyau, da yanzu kai ke aiko mu ɗaukar kaya." Wataƙila gaskiyarsa. Ba zan yi maka ƙarya ba, ranar da muka wuni a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali cikin rana, ƙuguna ya riƙe, biza ta kusa ƙarewa, gashi ya yi fari ina ɗaukar kwalin wani, nakan zauna in lissafa irin mutumin da zan zama da an bar ni can. Da na yi karatu. Da ban san nauyin dila ba. Abin yana cina, kuma ba ƙaramin ci ba.

Amma da za a mayar da ni falon nan yau, da duk abin da na sani yanzu, matar nan ta sake durƙusawa ta ware zani, wallahi hawa zan yi.