Tsohon Burushin Haƙori

Jiya matata ta jefa tsohon burushin haƙori a shara, sai ga ni ina ciro shi. Marigayi kawuna ne ya saba mini. Babu gidan ɗan'uwa a unguwar Erdington, nan ƙasar Turawa, da bai bi yana karɓar tsofaffin burushi ba, saboda wani ƙaramin tsohon jirgin sama na alminiyum da shi da abokansa suke kankare wa fenti.

Ranar Asabar nakan taso daga unguwarmu ta Longsight in taya shi. Mu shafa maganin cire fenti, wari ya cika hanci, ido yana ruwa, koren fentin ya kumbura kamar ƙuna. Sai ya miƙo mini burushi, in bi kan ƙusoshin fiffike ɗaya bayan ɗaya.

Wata rana sanyi ya ƙandarar mini da yatsu, na ce, "Haba Kawu! Ga injin gurza can a ajiye."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Inji yana cin kan ƙusa. Wanda zai hau jirgin nan bai san ka ba, amma ransa yana hannunka. Goga."

Ya rasu da sauran fiffike ɗaya. Makon jiya abokan suka ce sun gaji, inji za su sa. Na yi magana har bakina ya bushe, ba wanda ya saurare ni.

Asabar ina nan tafe da burushina, ko sun so ko sun ƙi. Allah ya jiƙan ka, Kawu, ya kankare maka zunubanka, kada ya bar ko ɗigo.