Ranar da na tankaɗe rairayi saboda keken Malam

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, har yau in aka ambaci keke sai hawaye su zo mini. Ban iya rubutu ba, jikanyata nake faɗa wa, na kuma ce mata in na yi kuka ta jira ni kawai.

A shekarun fari muna zaune a Yasore. Damina biyu a jere rumbunmu bai ga hatsin kirki ba, har irin shuka muka daka muka sha kunu. Da ruwan shuka ya sauka, ba mu da gero ko tiya ɗaya. Yayar Malam da ke aure wajen Safana ta aiko tun da rani cewa ta ajiye mana iri, sai dai a je a ɗauko. Laimar ƙasa kuwa ba ta wuce kwana uku.

Keken Malam ya lalace a gindin feda, inda sandar ƙarfe ke ratsawa ta haɗa fedojin biyu. In ya taka sai ta riƙa girgiza tana ƙara. Ya riga ya sayo 'ya'yan boris a kasuwar Batsari, ƙananan ƙwallayen ƙarfe kamar wake, sha ɗaya kowane gefe, amma bai samu giris, man da ake shafa musu, ba.

Da hantsi ya kifa keken a tsakar gida, ya kwance, ya jera 'ya'yan a busasshen kofin ƙarfen da suke zama a ciki. Yana zura sandar suka watse cikin rairayi. Kazarmu ɗaya da ta rage ta sheƙo a guje, ta ɗauka tsaba ce. Muka tsince, Malam ya ƙirga, ashirin da ɗaya.

Ya dubi kazar ya ce mini, "Ke, kawo wuƙa. Yau da nama za mu kwana."

Na ce, "Malam, kai ka zubar, ita za ta biya?"

"To wa ya haɗiye? Ni?"

"Ba a yanka ta sai na duba."

Na share wurin da tsintsiya, na tara rairayin, na ɗauko rariyata ta tankaɗe. Yana tsaye yana cewa bai san ya auro mai tuwon ƙasa ba. A tankaɗe na huɗu abin ya tsaya a rariya yana ƙyalli. Malam ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Sauran yadda za su tsaya a kofin. Ina da man kaɗanya da nake ajiyewa a gindin randa, sanyi ya sa ya daskare. Na lakato na shafe kofin, na dasa su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya motsa. Ya zura sandar a hankali, ya ɗaure. Da fari ya matse da yawa, feda ta ƙi juyawa. Ya sassauta, ta koma girgiza. Sai ya ce ni in riƙa juya fedar da hannu, shi yana murɗawa kaɗan-kaɗan, har na ce masa, "Tsaya nan." Ta juya sumul.

Ya ce, "Ashe bakanike nake aure ban sani ba."

Bayan azahar ya hau, keken na ƙamshin man kaɗanya. Washegari kafin rana ta take ya dawo da iri ɗaure a kariyar bayan keken. Na tona ƙasa da yatsa, da sauran laima. Yana gaba yana sara da sungumi, ina baya ina zuba gero ina rufewa da diddige, har muka kai ƙarshen gona. A bayansa nake tafiya ranar, ina jin yana waƙa ƙasa-ƙasa, shi da bai iya waƙa ba. Allah ya kai haske kabarinsa.