Ranar da Turmi Ya Tsare Shaho

Kafin ya san ƙwallon kwando, aikin Turmi dakon kaya ne a shagon kafinta na kawunsa. Kawu ya ƙera gado ko kabad, shi ya kinkima ya kai gidan mai shi. Yana ɗan shekara goma sha tara aka aike su da wani ƙaton kabad hawa na uku a wani bene mai matsattsiyar matattakala. A tsakiyar hanya abokin ɗaukarsa ya ce hannunsa ya sage, ya saki, ya zauna yana haki. Turmi ya juya ya tokare kabad ɗin da gadon bayansa, ya tsaya cak kusan minti biyar, har yana tambayar mai gidan ko akwai ruwan sanyi.

Ashe mai gidan kocin wani babban kulob ne. Ya leƙo daga sama ya ƙare masa kallo.

"Samari, ka taɓa buga ƙwallo?"

"Ranka ya daɗe, ko ta ƙafa ba a sa ni. Wai ina karya mutane."

"To gobe ka same ni a fili."

A ranar farko ya jefa ƙwallo sau ashirin, biyu suka shiga kwando, ɗaya kuwa ta samu mai shara a ƙeya. Koci bai ko ɗaga gira ba. Ya ce masu jifa sun ishe shi, mai tsayuwa yake nema. Ya koya masa ya dasa ƙafa a gaban ɗan adawa, ya tare masa hanya har nasu mai jifan ya samu sarari. Ya koya masa idan ƙwallo ta daki ƙarfen kwando ta dawo, ya ture kowa da ƙugu ya cafe ta. Gwiwar hannu ta same shi a haƙarƙari, kafaɗa ta same shi a haɓa, shi dai yana nan inda aka ajiye shi. Daga nan 'yan wasa suka laƙaba masa Turmi, har kawunsa ma ya koma kiransa da shi.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a kulob ɗin da riga mai lamba goma sha huɗu. An karya masa hanci sau biyu. Ya auri wata mai aiki a kantin magani, wadda ta fara saninsa a matsayin mutumin da ke ƙarar musu da man zafi, suka haifi 'yan biyu mata. Duk yammacin da aka yi wasa, takan tare shi da ƙanƙara a leda tana tambaya, "Baban 'yan biyu, yau kuma ina ne?" Shi kuma ya nuna wurin yana murmushi kamar wanda ya dawo da tsaraba.

Ana nan kulob ya sayo Shaho. Dogo ne siriri, in ya tashi sama sai ka ce ba zai sauko ba, kuma maki talatin a wasa ɗaya ba komai ba ne a wurinsa. Hotonsa ya cika allunan talla. Turmi ya ji daɗin zuwansa fiye da kowa, domin ya sha tare wa mutane hanya su je su zubar da ƙwallo. Yanzu kuwa da ya dasa ƙafa, sai ya ji ƙarar ragar kwando a bayansa, filin ya ɗauki ihu. Shekara biyu suna cin kofi. A duk tsawon lokacin nan Shaho bai taɓa kiransa da komai ba sai "Sha Huɗu".

Da Koci ya yi ritaya, aka kawo sabon manaja mai yawo da kwamfuta a hammata. Ya kira Turmi ofis, ya juyo masa da fuskar kwamfutar.

"Duba nan. Maki uku kake ci a wasa. Mun samo wani da ke cin ashirin da biyar. In aka haɗa shi da Shaho, wa zai iya da mu?"

Turmi ya duba, ya ga gaskiya ne, uku ne. Ya yi godiya, ya kwashe takalmansa daga loka, ya yi sallama da mai shara da direban bas. A hanya har ya wuce kwanar gidansu bai sani ba.

Bai yi sati biyu a zaune ba wani ƙaramin kulob da ke can ƙasan teburin gasa ya neme shi. A zauren wata makaranta suke atisaye, in an yi ruwa sai an jera bokitai a tsakiyar fili. A nan ya gane abin da ya rasa: sai ya tare hanya da kyau, ya saurari ƙarar raga, ya ji shiru. Ya ce wa matarsa, "Maman 'yan biyu, in babu mai jifa, ni fa mai tsaya wa mutane a hanya ne kawai."

Sai ya lura da wani ɗan wasansu da ake kira Malam Shiru, wanda a atisaye ba ya kuskure, amma a wasa da an matso shi sai ya miƙa wa wani ƙwallon. Turmi ya ja shi gefe.

"Ka bi ta bayana, kafaɗarka ta gogi tawa. Wanda ke binka nawa ne. Kai dai ka jefa."

Cikin wata biyu suka hau daga na ƙarshe zuwa na bakwai. Tsohon kulob ɗinsa kuwa, taurari biyu ne da ƙwallo ɗaya. Kowa na ɗaga hannu a ba shi, babu mai son shiga turmutsitsin ƙarƙashin kwando. An ce har a bas ba sa zama layi ɗaya.

Ranar da kulob biyun suka haɗu, da la'asar ce, fili ya cika maƙil. Sabon kocin Turmi ya tambayi wa zai tsare Shaho, kowa ya shiga ɗaure igiyar takalmi. Turmi ya ce a bar masa. Shekara biyu yana kallon mutumin nan daga kusa. Ya san in zai bi hagu sai ya fara sauke kafaɗar dama, ya san ba ya son a taɓa masa ƙugu, ya kuma san in aka hana shi ƙwallo minti uku sai ya fara faɗa da nasa.

Haka kuwa aka yi. Duk inda Shaho ya juya sai ya ci karo da ƙirjin Turmi.

"Sha Huɗu, wai ba ka gajiya ne?"

"Lambata takwas yanzu, ranka ya daɗe."

Shaho ya tashi da maki tara. Malam Shiru ya ci ashirin da shida. Saura daƙiƙa huɗu ana kunnen doki, Turmi ya cafe wata da ta dawo daga ƙarfe, aka rungume shi ta baya, alƙalin wasa ya ba shi jifa biyu daga layi. 'Yan bencinsu suka rufe ido. Ta farko ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Ta biyu ta daki allo, ta zagaya bakin kwando kamar mai neman adireshi, sannan ta faɗa ciki. Da makin nan ɗaya suka ci, kuma shi ne kaɗai makin da Turmi ya samu a wasan.

Bayan kwana uku, da hantsi, wata doguwar mota ta tsaya a ƙofar gidansa. Shaho ne, da ledar lemo a hannu, yana ta sunkuyar da kai don kada ya bugi saman ƙofa. Ya zauna a falo yana juya kofin shayi, can ya ce, "Yaya Turmi, na zauna na kalli wasanninmu na bara. Duk inda na jefa babu kowa a gabana, kai ne a gefe an danne ka. Wallahi ban taɓa gani ba. Ka dawo, ni zan yi wa manaja magana."

Turmi ya yi dariya har kujera na ƙara. Ya ce ya gode, amma in ya tafi Malam Shiru zai koma miƙa wa mutane ƙwallo.

"Kai da sabon tauraronku, ku biyu ne masu jifa. Yau ka tare masa, gobe ya tare maka. Taso in nuna maka."

Suka fita tsakar gida inda Maman 'yan biyu ke shanya. Turmi ya gyara masa ƙafafu, ya ce ya buɗe su, ya ɗan durƙusa, ya haɗa hannu a gaba.

"Ka tsaya da kyau?"

"Ko mota ba ta ture ni."

Maman 'yan biyu ta zo wucewa da baho cike da jiƙaƙƙun kaya a ƙugu, ta ɗan goge shi da shi. Sai ga Shaho zaune daɓas a ƙasa, zanen gado ya rufe masa kai.

"Sannu, ƙanena," in ji ta. "Ban ma sa ƙarfi ba."

Ya yaye zanen yana dariya, ya ce a sake. Daga ranar duk Alhamis sai ya zo, har maƙwabta suka saba da motar. Bai taɓa ƙwarewa ba, amma ya iya daidai gwargwado, shi da ɗaya tauraron har suka fara gaisawa.

Turmi ya ƙara shekara biyu yana wasa kafin gwiwa ta ce ya isa. Ƙaramin kulob ya riƙe shi mataimakin koci, kuma sun bar zauren makarantar. Yanzu idan sababbin 'yan wasa suka zo gwaji, sauran masu horarwa na bakin kwando suna kallon masu jifa. Shi yana can gefe a kan kujerar roba, yana jiran ya ga wanda za a ture ya faɗi, ya tashi bai kalli alƙali ba, ya ruga ya koma wurinsa.